Barakatu, Kwamfutar da Gyaran Munzali Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, Malam Kalilu, malamin firamare, mazaunin cikin garin Daura, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar Barakatu, kwamfutar da ke zaune ƙarƙashin talabijin a ɗakin mahaifiyarsa, Iya. Rai ya yi halinsa ranar Juma'ar da ta wuce, da yamma, tana da shekara shida a gidan. An saba a irin wannan takarda a ce mamaci ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Malam Kalilu ya hana a rubuta haka. Lafiyarta ƙalau ta wayi gari. Kashe ta aka yi ido na ganin ido, kuma wanda ya kashe ta yana da suna: Munzali, mijin ƙanwarsa Haulatu. Wanda ya ga sunan ya fito tsirara a takarda ya yi haƙuri, da gangan aka sa shi.

Kada wani ya ɗauka kukan ƙarfe da waya ake yi. Aikin marigayiya a duniya ɗaya ne tak. Kullum ƙarfe biyar da rabi na yamma takan kamo tashar Nijar, ta nuna wa Iya wani mutum mai karanta labarai da Hausa, ta nuna shi daidai gwargwadon yadda Iya za ta ci gaba da yarda cewa ɗanta ne, Ya'u. Ba Ya'u ba ne. Ya'u, yayan Malam Kalilu, shekararsa goma ƙarƙashin yashi can gaba da Agadas, kuma duk gidan Malam Kalilu kaɗai ya sani. Yanzu kuwa, albarkacin Munzali, har mai ƙosan bakin titi ta sani, don haka babu sauran abin rufewa.

Ga yadda abin ya samo asali, saboda masu surutu su yi surutunsu a kan gaskiya. Shekara goma sha uku ke nan Ya'u ya sayar da san noman mahaifinsu ba da izini ba, aka yi ba-ta-kashi, ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai ya ɗauro shanu biyu a ƙofa. Ya nufi Libiya. Bayan shekara uku wani abokin tafiyarsa, Kabo, mutumin garin Babban Mutum, ya tare Malam Kalilu a bakin makarantar da yake koyarwa a Sandamu, ya ja shi gindin darbejiya, ya faɗa masa. Mota ce ta mutu musu a sahara, ruwa ya ƙare, shi Kabo da hannunsa ya rufe shi, da rawaninsa ya yi masa likkafani. A lokacin mahaifinsu bai cika arba'in da rasuwa ba, Iya tana cikin takaba. Malam Kalilu ya dawo gida da maganar a bakinsa, ya ga yadda wuyanta ya rame, ya haɗiye. Ya ce sai gobe. Goben ce ta yi ta ja.

Ana nan, wata rana iska ta juya eriyar wata 'yar tsohuwar talabijin da ke ɗakin Iya, ta kamo Nijar. Cikin tsaki-tsakin nan da Iya ke kira yayyafi sai ga wani mutum mai dogon wuya, yana karkata kai hagu in zai ce jama'a. Faifan da ke hannun Iya ya faɗi. Ba ta kira suna ba, don Ya'u ɗan fari ne, tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ido cikin ido ba. Abin da ta ce kawai, wai wancan yaron ya yi ƙiba. Daga ranar ta sami abin da kunya ta hana ta shekara talatin da wani abu: ta zauna rabin awa tana kallon fuskar ɗanta na fari, shi bai san tana kallonsa ba. Kunyar nan kuma ita ta hana ta cewa a kai ta wurinsa, ko a aika a kira shi. Sauran ramukan Malam Kalilu ya cike su. Sunan da ake rubutawa a ƙasan hoton ba nasa ba ne? Ai canjawa ya yi saboda takardun can. Ba ya zuwa gida? Ai har yanzu kunyar san nan yake ji.

Sai dai 'yar talabijin ɗin ba ta da amana. Yau ta nuna shi, gobe ta haɗiye shi cikin yayyafi har kwana huɗu, Iya ta ture kwanon tuwo ta ce ba ta jin yunwa. Babbar eriya kuwa Malam Kalilu bai isa ya ɗaura ba. Ya taɓa ganin mutumin nan tangaran a wani shago a bakin iyaka, kumatunsa sumul kamar bayan ƙwarya, alhali Ya'u yana da bille a kumatun hagu, wanda wanzami ya tsaga masa ranar suna.

Da wannan damuwar ya je wurin Cyprian, mai shagon kayan lantarki a bakin tasha, mutumin da ya shekara ashirin a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu da aka haifa a nan. Ya ce masa hoto yake so a gyara masa, amma rabin gyara. Ya tsaya cak, kada ya ɓace, kada ya yi rawa, amma kada ya fito sosai. Cyprian ya cire tabarau, ya sa aka maimaita masa har sau uku. Da ya gane bai yi dariya ba, ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. Ya ce talabijin ba ta san rabi ba, ko dai ta nuna ko ta ƙi, wannan aikin kwamfuta ne. Ya shiga ƙuryar shago ya fito da marigayiya a rungume. A wani gidan kallo ta fara rayuwa, tana nuna wa samari ƙwallo, har zuwan shari'a, lokacin da mai gidan ya ga an matsa wa sana'ar lamba ya rufe ya koma sayar da ruwan leda. Wato ta tuba daga wasa kafin ta shigo gidan mutunci. A cikinta akwai wani kati mai kamo tashoshi, shi ne zuciyarta.

Kwana uku suka yi a kanta, shi da Cyprian. Akwai ma'aunai huɗu a cikinta da ake ja sama ko ƙasa. Ɗaya na hana hoto karkarwa, ɗaya na share yayyafi, ɗaya na kala, don kalar Nijar ba irin tamu ba ce, talabijin ɗinmu fari da baƙi take nuna ta, ita kuwa marigayiya duka yaren biyu tana ji. Na huɗun shi ne mai kaifafa hoto har a ga ramin gashi. Suka ɗaga ukun, suka danne na huɗun can ƙasa, suka karkatar da eriya taki ɗaya daga inda ya kamata ta kalla. Sai ga mutum ya zauna daram cikin shuɗiyar riga, muryarsa garau, fuskarsa kuwa kamar ana hango ta ta cikin siririn mayafi. Ga wuyan, ga karkata kan, kumatun hagu kuma ya kwanta cikin 'yar inuwa mai laushi. Duk mai son ganin bille a wurin zai gani. Cyprian ya yanko kwali ya rubuta KADA A TAƁA da manyan baƙaƙe, ya jingina a gabanta. A lura da kyau, Munzali ya iya karatu.

Halayen marigayiya ba sa buƙatar ƙari. In aka danna mata maɓalli takan yi sallama da ɗan tit guda ɗaya, ba ta taɓa yin biyu ba. Sai fankarta ta ɗauka, fuuuu, a hankali kamar mai barcin rana. In tana neman tasha cikinta kan yi ƙurr, ƙurr, ƙirit, Iya ta ce a bar ta, tana gyaran murya ne. Ta jure zafin bazara, ta jure ƙugin janareta in an ɗauke wuta, ta jure jikoki masu cusa mata tsinken tsintsiya a hanci. Shekara shida ba ta taɓa nuna abin da ba a ce ta nuna ba. Ta san iyakarta, ta tsaya a kai, abin da ya gagari wasu masu gemu. Iya ce ta raɗa mata suna Barakatu, ita ta saƙa mata murfi da zare ja da kore. Ƙarfe biyar na yi Iya za ta sake zane, ta yafa mayafin unguwa, ta sa turaren wuta, ta zauna a bakin gado. In mutumin ya rufe labarai ya yi wa masu kallo fatan alheri, leɓenta kan yi ta motsi har a kashe. A shekarun nan ta yi kumari, ta koma cin tuwo da ƙari, maganin hawan jininta ma an rage mata. Duk wannan aikin Barakatu ne, kuma Malam Kalilu yana so a shaida.

To, sai Munzali. Kwas ɗin kwamfuta na wata uku ya je ya yi a Kano, tun daga nan gari ya ƙi zaunuwa. Ba ya ganin rediyon mutum ya wuce, ba ya ganin wayar mutum bai karɓa ya latsa ba, uban iyayi, sarkin katsalandan, ko agogon masallaci sai da ya sa wa hannu aka kwana biyu ana sallar azahar a makare. Sau uku yana ce wa Malam Kalilu wai Yaya, hoton nan abin kunya ne, a ce ga shi a dangi Iya tana kallon ɗanta dishi-dishi. Sau uku ana ce masa ya bari. Yanzu wai yana yawo yana cewa ba a faɗa masa dalili ba. Ikon Allah! Mutum da ɗakin uwarsa sai ya rubuta wa surukin gida dalili? An ce bari, ga kwali an rubuta, me ya rage, a buga masa ganga?

Ranar Juma'ar Malam Kalilu ya tafi ɗaurin aure Dutsi. Munzali da Haulatu suka zo gaida Iya bayan an sauko daga masallaci. Ya ga babu mai tsawata masa. Ya tuɓe babbar riga, ya hau soro, ya ƙara wa eriya tsawon gora guda, ya juya ta ta kalli arewa sak. Ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ɗauke kwalin Cyprian ya ajiye shi a kife a kan gado, ya shiga cikin marigayiya, ya kamo ma'auni na huɗu ya ja shi har ƙarshe. Haulatu, wadda ba ta wuce shekara goma ba lokacin da Ya'u ya tafi, har da tafa masa.

Biyar da rabi ta yi, mutumin ya fito tar. Ana iya ƙirga zaren hularsa. Munzali ya riƙe ƙugu ya juyo yana jiran a sa masa albarka. Haulatu ta shaida cewa Iya ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafa gado ta miƙe, ta taka har gaban gilashin, ta ɗora yatsa a kumatun hagu na mutumin, ta goga, ta sake gogawa kamar mai cire datti. Ta duba na daman, ko talabijin juya mutum take yi. Nan ma sumul. Shi kuwa yana ta karanta farashin gero. Sannan ta juyo ta dubi Munzali ta ce, “Mayar mini da shi yadda yake.”

Nan fa ido ya raina fata. Wanda ya iya ɓatawa bai san hanyar komawa ba. Ya ja wannan, mutumin ya zama kore. Ya ja wancan, ya miƙe kamar taliya. Ya danna wani, ya dawo ya ma fi da fitowa. Iya tana tsaye a kansa, ta sake faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa, ya mayar mata da shi. Gumi ya jiƙa masa singileti. Da dabara ta ƙare masa sai ya zura hannu bayan marigayiya yana lalube, ya ci karo da wani ɗan jan makunni, ɗari biyu da ashirin a gefe ɗaya, ɗari da goma a ɗaya gefen, wanda aka yi don ƙasashen da wutarsu rabin tamu ce. Ko ɗan koyo na wata ɗaya ya san ba a taɓa shi. Mai kwas ɗin Kano ya tura. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tas! Hayaƙi ya fito ta bayanta, ɗaki ya cika da ƙaurin roba, fankar ta yi fuu, fu, ta tsaya.

Masu cewa da kyakkyawar niyya ya yi, Malam Kalilu ya ji su, kuma yana roƙonsu su riƙe niyyar su kai gidajensu ya gyara musu nasu. Haulatu kuma da ke cewa da tun farko an faɗi gaskiya da ba a kai ga haka ba, a tuna mata wannan takardar rasuwa ce, ba wurin wannan maganar ba ne.

Gab da magariba Malam Kalilu ya dawo, ya tarar da tsakar gida tsit, Munzali tsugune a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa. Ya shiga ɗaki. Iya tana kan tabarma, ta cire mayafin unguwa ta ninke. Ba ta tambaye shi ko gaskiya ne ba. Yaushe ne, shi ta fara tambaya. Sannan wa ya yi masa wanka. Sannan ko an fuskantar da shi alƙibla. Ya faɗa mata abin da Kabo ya faɗa masa, har da cewa babu ruwan wanka, taimama aka yi masa. Ta ƙirga shekarun da yatsu, hannu biyu suka ƙare cif. Ta ce wato shekara goma yaron nan yana kwance babu sadakar ko ƙwayar gero, babu wanda ya ce Allah ya jiƙansa, ita kuma tana nan ta sa turare tana roƙa wa ɗan wata ƙarin girma a wurin aiki. Malam Kalilu ya buɗe baki zai ce saboda ita ya yi. Ta ce ya fita, ya sakar mata labulenta.

Washegari Cyprian ya zo duba gawa. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce akwatin wutarta ana iya samun wani, amma katin ya ƙone ƙurmus, irinsa sai an aika Legas. Sannan ya rage murya ya tambayi Malam Kalilu, ko da an tashe ta, wa za ta nuna, wa kuma zai kalla. Bai karɓi kuɗin mashin ba, ya tafi.

Marigayiya ta rasu ta bar talabijin, abokiyar zamanta, wadda yanzu aka juya fuskarta bango. Ta bar ɗan ɓeranta mai igiya da allon rubutunta, marayu, a cikin kwali. Ta bar janareta, wanda ya rasa dalilin tashi da yamma. Ta bar eriya a kan soro, tana kallon inda ya dace karo na farko a rayuwarta, ba ta da wanda za ta kamo wa. Ta kuma bar wani bawan Allah can Nijar, mai dogon wuya, wanda har gobe zai sa shuɗiyar rigarsa ya gaida jama'a, bai san ya yi rashin uwa a Daura ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ƙarfe ba shi da wanka ba shi da salla, kuma a daina sa shi cikin shirme. Saboda haka ranar Litinin da hantsi za a ɗora ta a baro, a lulluɓe da murfinta, a kai ta shagon Cyprian, ya ciri abin da zai amfani wasu, sauran a miƙa wa 'yan gwangwan. Malam Kalilu ya shardanta cewa Munzali ba zai taɓa baron ba, ba zai bi bayansa ba, in ma ya hango shi a hanya ya canja lungu.

A ranar Litinin ɗin dai, bisa umarnin Iya, za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida na kwana uku, don karɓar gaisuwar Ya'u ɗan Malam Abdulmuhaimin, wanda Allah ya yi wa rasuwa a hanyar Libiya. Za a sauke Alƙur'ani, za a raba gumba da waina. An aika Babban Mutum a zo da Kabo, Iya tana son ganin hannun da ya rufe shi. Ta kuma ce Munzali ne zai auno geron, shi zai zauna a kan tabarmar farko ya amsa gaisuwar maza, tunda a duk gidan shi ne ya kawo mata labari. Malam Kalilu bai yarda da wannan tsarin ba ko kaɗan, amma ba a tambaye shi ba.

Masu gaisuwar Ya'u, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, maza su tsaya a waje, mata da dangi na jiki su wuce ciki. Masu gaisuwar Barakatu, in akwai su, za su sami Malam Kalilu a zaure shi kaɗai, kan benci, nan yake wuni tun ranar Juma'a. Wanda kuma Allah ya sa ya shiga ɗakin Iya, in ya ga fuska, don Allah ya ce mata Kalilu yana nan a zaure, yana gaishe ta.